Ƙarafa Masu Guba a Ruwan Kogunan Birni: Sifofinsu da Yadda Suke Shafar Mai Noman Rani

Gabatarwa

Idan kana noman rani a bakin kogi ko rafin da ya ratsa birni, to ruwan da kake ba shukarka ya biya ta wurare da yawa kafin ya iso gare ka. Ya bi ta bayan masana'antu, ya karɓi ruwan kwatoci da lambatu, ya wanke gindin bola da garejin kanikawa. Haka abin yake a Jakara da Getsi da Challawa a Kano, da Kubanni a Zariya, da Kogin Kaduna, da Dilimi a Jos. Haka kuma yake a Ogunpa da Ona a Ibadan, da rafukan da ke zuba cikin tafkin Legas, inda 'yan lambu Hausawa da yawa suke neman abincinsu. Wannan ruwa yana da abin so: ba ya ƙafewa da rani, kuma yana ɗauke da ɗan taki, shi ya sa alayyafo da latas suke yin kore shar a kansa. Amma tare da takin akwai ƙarafa masu guba, waɗanda ido ba ya gani, hanci kuma ba ya ji.

Manoma da dama sun taɓa jin an ce akwai dalma ko wani ƙarfe a ruwan rafinsu. Abin da ba a cika bayyana musu ba shi ne, yawan ƙarfen kaɗai ba ya nuna girman haɗarin. Ƙarfe ɗaya yana iya zama cikin ruwa da sifofi dabam-dabam, wata sifar saiwa na zuƙe ta nan take, wata kuwa tana iya kwanciya a laka shekara da shekaru ba ta motsa ba. Wani abin lura kuma, ayyukanka na yau da kullum a gona suna iya juya sifa marar motsi ta koma mai shiga amfanin gona. Wannan shi ne abin da za mu yi bayani a kai.

Ƙarafan da ake magana a kansu

Dalma tana fitowa daga tsofaffin baturan mota da wuraren da ake fasa su ana narkarwa, da tsohon fenti, da gubar da masu gyaran rediyo da lagireto ke yin liƙi da ita. An daina sa dalma a man fetur a Nijeriya tun farkon shekarun 2000, amma wadda hayaƙin motoci ya zubar a gefen manyan hanyoyi kafin lokacin tana nan cikin ƙasa, ruwan sama yana ci gaba da wanko ta zuwa rafi. Kadmiyam yana zuwa daga wasu ƙananan batura da ake caji, da launukan roba da fenti, da ƙona tarkacen kayan lantarki. Akwai kuma ɗan kaɗan a cikin wasu takin zamani masu sinadarin fosfet. Kuromiyam na majemu ne na zamani da wuraren shafa wa ƙarfe ruwan ƙyalli da wasu rinai. Tutiya tana tsiyayowa daga kwanon rufi da tayoyin mota, jan ƙarfe daga waya da wasu magungunan feshi, zaiba kuwa daga masu wanke zinariya da fasassun ƙwayayen lantarki masu doguwar kwalba.

Tutiya da jan ƙarfe abinci ne ga shuka idan ba su yi yawa ba. Dalma da kadmiyam da zaiba kuwa ba su da wani amfani ga shuka ko ga jikin mutum. Dukkansu sun yi tarayya a abu ɗaya: ba sa ruɓewa. Ganye da kashin dabbobi suna ruɓewa su ɓace, har maganin ƙwari ma yakan lalace a hankali, amma ƙarfe sai dai ya sauya sifa ko ya sauya wuri. Yawancin masaƙun Kakuri a Kaduna sun daɗe da rufewa, to amma rufe masana'anta ba ya kwashe abin da ya riga ya kwanta a ƙasan magudanar da ta yi shekaru tana zuba wa ruwa.

Ƙarfe ɗaya, sifofi da yawa

Ɗebi ruwa a kwano, ka zuba gishiri da yumɓu da yashi, ka motsa. Yashin zai nutse nan da nan. Yumɓun zai dagula ruwan, sai bayan sa'o'i ya kwanta. Gishirin kuwa ya ɓace, ko kwana nawa ka jira ba zai kwanta ba, ko da ƙyalle ka tace ba za ka kama shi ba. Ƙarafa ma haka suke rabuwa a cikin kogi.

Kashi na farko shi ne narkakke. A ɗakin gwaje-gwaje muna tace ruwa da matata mai ƙofofin da faɗin kowace bai kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Duk abin da ya wuce ta wannan matata shi muke kira narkakke. Shi ma iri biyu ne. Akwai ƙarfen da ke yawo shi kaɗai cikin ruwa, bai haɗu da komai ba, kuma wannan shi ne mafi saurin shiga saiwa da kuma matsatsar numfashin kifi. Akwai kuma wanda ya ƙulla da wani abu, kamar sinadarin gishiri ko narkakken ruɓaɓɓen abu daga ruwan kwata. Jan ƙarfe yana da son irin wannan ƙulli ƙwarai. Idan ya ƙulla, dafinsa ga kifi yakan ragu, sai dai kuma yana iya tafiya nesa tare da ruwa ba tare da ya kwanta ba.

Kashi na biyu shi ne wanda ya manne wa dagulon ruwa, wato ƙananan ƙwayoyin yumɓu da tsatsa da ɓurɓushin shara da ke yawo a ciki. Mafi yawan dalmar da kogi ke ɗauke da ita a nan take, haka ma kuromiyam na majema. Kadmiyam da tutiya da nikel kuwa sun fi zama a narke. Riƙe wannan bambanci da kyau, domin kusan duk shawarar da za ta biyo baya a kansa aka gina ta: barin ruwa ya kwanta yana rage dalma sosai, amma ba ya rage kadmiyam yadda ake so.

Kashi na uku shi ne wanda ya riga ya kwanta a laka. A shekarar 1979 wasu masana a ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Tessier, suka fitar da hanyar gwaji da har yanzu ake amfani da ita ko da irinta. Ana ɗaukar laka ko ƙasar gona a wanke ta da sinadarai daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi, a auna abin da kowane wanki ya fitar. Ta haka ake raba ƙarfen gida biyar. Na farko ya ɗan manne ne kawai a jikin yumɓu, ruwa mai ɗan gishiri ma yana iya kore shi. Wannan kusan a bakin saiwa yake. Na biyu yana ɗaure da sinadarin farar ƙasa, kuma da zarar ƙasa ta yi tsami sai ya saku. Na uku yana liƙe da tsatsar baƙin ƙarfe da manganis, jan abin nan da kake gani yana taruwa a bakin rijiyar fadama. Wannan tsatsa tana narkewa idan ruwa ya daɗe kwance a kan ƙasa iska ta ƙare, sai ta saki abin da ta riƙe. Na huɗu yana ɗaure da ruɓaɓɓun abubuwa da sinadarin farar wuta a cikin baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma shi iska ce ke kwance shi. Na biyar yana cikin ƙwayar dutsen kanta tun asali, saiwa ba ta isa gare shi.

Saboda haka gonaki biyu suna iya samun sakamakon gwaji iri ɗaya idan jimilla aka auna, alhali ɗaya ƙarfenta na dutse ne da ba ya motsi, ɗayar kuma nata yana gida na farko da na biyu. Ƙarfen da masana'anta ko bola ta zubar galibi yana taruwa ne a gidajen nan huɗu na farko masu iya sakuwa.

Abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ya nuna muhimmancin sifa a fili. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sakamakon gubar dalma. Ba ta kogi ta zo ba, daga ƙurar dutsen zinariya ce da ake daka ana niƙawa a cikin gidaje. Masu bincike sun gano cewa mafi yawan dalmar dutsen ta riga ta juya zuwa sifar da ke ɗaure da sinadarin farar ƙasa, wadda ruwan tsamin cikin ɗan'adam ke narkarwa cikin sauƙi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ɓarnar ta yi muni haka.

Abubuwa uku masu kwance ɗauri

Na farko kuma mafi girma shi ne tsamin ƙasa. Ana auna shi da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. 7 shi ne tsaka-tsaki, ƙasa da 7 tsami, sama da 7 kuma ɓangaren kanwa. Kowane mataki ɗaya ninki goma ne, wato ƙasa mai 5 ta fi mai 6 tsami sau goma. Idan awon ya sauka ƙasa da 6, kadmiyam da tutiya da nikel suna fara sakuwa da yawa. Dalma da jan ƙarfe sai tsamin ya ƙara ƙarfi kafin su bi baya. A nan akwai darasi ga manomin da ya baro arewa ya kama lambu a kudu. Ruwan sama mai yawa ya wanke ƙasar kudu shekaru aru-aru, don haka yawancinta ta fi ta yankin Kano tsami, ba abin mamaki ba ne a auna a samu 5 ko ƙasa da haka. Ruwan da gonar Kano za ta iya ɗaure ƙarfensa, gonar Legas ko Aba tana iya miƙa shi kai tsaye ga ganye. Bugu da ƙari, yawan zuba takin yuriya, musamman ma takin salfa, shekara bayan shekara yana ƙara wa ƙasa tsami.

Na biyu shi ne iska. Baƙar lakar ƙasan rafi ba ta samun iska, kuma muddin tana nutse, sinadarin farar wuta yana riƙe da kadmiyam da dalma da tutiya da jan ƙarfe gam-gam. Manomi yakan ga baƙinta ya ɗauka taki ce, ya yashe ta ya baza a kan kwamai. Da ta sha iska ta bushe, sinadarin farar wutar sai ya juya ya zama ruwan tsami, ƙarafan su saku a daidai inda saiwa take. A ganina wannan ita ce hanya mafi sauri da mutum ke lalata lambunsa da hannunsa yana zaton gyara yake yi. Ambaliya ma tana yin irin wannan aiki: idan rafin birni ya cika ya tumbatsa, kamar yadda Ogunpa ya yi a Ibadan a 1980 da 2011, lakar da ya bari a fadama ba irin ta kogin daji ba ce.

Na uku shi ne gishiri. Kadmiyam yana ƙullawa da sinadarin gishiri ya zama narkakke, ya ƙi mannewa da yumɓu. Wannan ya shafi masu lambu kusa da tafkin Legas da sauran garuruwan gaɓar teku, inda ruwa ke yin zartsi da rani, da kuma masu ɗibar ruwa a ƙasa da majemu, domin ana barbaɗa wa fata gishiri mai yawa kafin a jeme ta.

Kuromiyam mai fuska biyu

Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima. Majemun zamani irin na Challawa da Sharada da Bompai kuwa gishirin kuromiyam suke amfani da shi, shi ne ke ba fata launin shuɗi-shuɗi kafin a rina ta. Wannan shi ake kira kuromiyam mai lamba uku. Ba ya son zama a narke, yana saurin kwanciya a laka, kuma ɗan abin da saiwa ta zuƙa galibi a saiwar yake tsayawa. Ɗan'uwansa mai lamba shida halinsa dabam: launinsa rawaya ne zuwa ruwan lemo, yana narkewa sarai, yumɓu ba ya riƙe shi, yana iya gangarawa har cikin rijiya. Yana cin fata ya bar gyambo, kuma an tabbatar shaƙar ƙurarsa na jawo ciwon daji. Ya fi fitowa daga wuraren shafa wa ƙarfe ƙyalli da wasu launuka da magungunan katako.

Abin da ya kamata ka sani shi ne ɗaya yana iya komawa ɗaya. Ruɓaɓɓen taki a cikin ƙasa yana mayar da mai lamba shida ya koma mai lamba uku, wannan alheri ne. Ƙasa mai tsatsar manganis da ƙarancin taki kuwa tana iya mayar da wani ɓangare na mai lamba uku ya koma shida, haka ma ƙona tarkacen fatar majema ko busasshiyar lakarta. Kada ka ƙona irin wannan tarkace don neman toka. Kuma mai lamba shida ya saɓa wa sauran ƙarafa: rage tsamin ƙasa ba ya ɗaure shi, yana ma ƙara masa sauƙin tafiya. Shi ya sa ba a ba da shawarar zuba farar ƙasa ido rufe ba tare da an san ƙarfen da ake fama da shi ba.

Kadmiyam da dalma a cikin abincinmu

Tutiya da jan ƙarfe da nikel idan sun yi yawa shuka ce ke fara kokawa: ganye ya yi rawaya, saiwa ta takure, amfani ya ragu. Wannan gargaɗi ne da manomi ke gani da idonsa. Kadmiyam ba ya ba da irin wannan gargaɗi. Shuka tana ɗaukarsa ta hanyar da take ɗaukar tutiya, ta kai shi ganye, ganyen kuma yana nan kore lafiya lau alhali ya tara abin da ya wuce ƙa'ida. Latas da alayyafo da sauran ganyaye su ne kan gaba wajen tarawa. A jikin mutum ƙoda ce ke riƙe shi, kuma yakan ɗauki shekara goma zuwa talatin kafin rabin abin da ya shiga ya fita. A ƙasar Japan, wata mahaƙar ma'adinai ta yi shekaru tana zuba kadmiyam a Kogin Jinzu, manoman yankin Toyama suna ban ruwan shinkafa da shi. Mutane, akasari mata masu shekaru, suka kamu da ciwon ƙoda da laushin ƙashi mai tsananin zafi. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince a hukumance cewa kadmiyam ne sanadi.

Mai noman shinkafa ya lura da wannan: muddin ruwa na kwance a gona, kadmiyam yana ɗaure; idan aka janye ruwa lokacin da shinkafa ke fitar da kai tana cika ƙwaya, sai ya saku ya shiga hatsin. Sinadarin asanik kuwa akasin haka yake, kwanciyar ruwa ce ke sakinsa. Don haka a gonar da ake zargi, gwaji ne zai nuna yadda za a sarrafa ruwan.

Dalma ba ta cika hawa cikin shuka ba, yawancinta a saiwa take maƙalewa. Wadda ake samu a ganye galibi daga waje ta zo: dagulon ruwa da aka watsa da garwa ko bututu ya bushe a jikin ganyen, ko ƙasar da ta fantsama, ko ƙurar hanya. Karas da makamantansa kuma a ɓawo suke riƙe ta. Haɗarinta ya fi yawa ga yara da mata masu juna biyu. Jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, tana taɓa ƙwaƙwalwa ta rage fahimta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Yaron da ke wasa da ƙasar lambu yana kai hannu baki yana iya samun fiye da wanda ya ci ganyen. Tun da maganar ta zo, kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido shi ma ma'adinin dalma ne, gara a bar shi.

Zaiba da kifi

Zaiba ba ta cika damun kayan lambu ba, ta kifi take zuwa. Idan ta kwanta a lakar da ba iska, wasu ƙwayoyin halitta suna juya ta zuwa wata sifa da ke maƙalewa a tsoka. Ƙaramin kifi ya ɗauka, babba ya ci ƙarami, ta yi ta taruwa. Wannan sifa ce ta jawo cutar Minamata a Japan, wadda aka gano a 1956. Idan kana kiwon kifi da ruwan rafin birni, ko kana kamu a ƙasa da inda ake wanke zinariya, ka sani manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu su suka fi tarawa, kuma dafuwa ko banda ba ta fitar da ita.

Alƙaluman da za ka gani a takardar gwaji

Ana rubuta sakamakon ruwa da miligiram a cikin lita. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da iyakar ruwan ban ruwa kamar haka: kadmiyam 0.01, kuromiyam 0.1, jan ƙarfe 0.2, nikel 0.2, tutiya 2, dalma 5. Na ruwan sha kuwa, a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, dalma 0.01 ce, kadmiyam 0.003, kuromiyam 0.05. Ga ganyayen miya, ƙa'idar abinci ta duniya ta tsayar da dalma a miligiram 0.3, kadmiyam 0.2, a kowane kilo na ɗanyen ganye.

Dubi dalma da kyau: abin da aka yarda a ba shuka ya ninka na sha sau 500. Ke nan ruwan da ya ci jarrabawar ban ruwa yana iya zama guba ga mai aikin da ya kurɓa da rana tsaka. Sa'an nan an lissafa iyakokin ne a kan ban ruwan da bai wuce lita miliyan 10 a hekta a shekara ba. Yi lissafi: ruwa mai kadmiyam 0.01 zai ajiye giram 100 a hekta kowace shekara, mai dalma 5 kuwa kilo 50, kuma kusan duka a saman ƙasa inda fartanya ke kaiwa za su tsaya. A ra'ayina iyakar nan ta dalma ta yi sassauci ga mai noman ganyen da ake watsa wa ruwa a jiki a kuma ci ɗanye. Kada ka ɗauke ta a matsayin lasisi.

Abin da za ka iya yi

Fara da inda kake ɗibar ruwa. Kada bakin tiyon injinka ya kwanta a laka. Ɗaura shi a jikin jarka ko gora ya yi iyo kusa da saman ruwa, kuma kada a shiga a dama wurin kafin a tayar da inji. Idan akwai hali, ɗebi a sama da bakin magudanar masana'anta. Ranar da ka ga ruwa ya sauya launi, ya yi shuɗi ko ja ko kumfa, haƙura har ya wuce. Ruwan saman farko na shekara shi ne ke wanko dattin rani gaba ɗaya daga tituna da kwatoci, don haka a bar rafi ya huce kwana biyu ko uku bayansa.

Haƙa rami ko ƙaramin tafki a bakin gona, ka cika shi da yamma, ka yi ban ruwa da na sama washegari. Kwana ɗaya yana kwantar da kaso mai yawa na dagulo tare da dalma da kuromiyam na majema da ke manne da shi. Lakar da ta taru a ramin a kwashe a binne nesa da gona da rijiya. Rijiyar fadama ko ta burtsatse da aka haƙa da ɗan nisa daga gaɓa, irin waɗanda shirin Fadama na ƙasa ya yaɗa tun shekarun 1990, ta fi ɗiba kai tsaye, domin ƙasa na tace ruwan kafin ya iso. Amma ita ma a gwada ta, musamman inda yashi ne zalla ko inda ake zargin kuromiyam mai lamba shida. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, ba ya taɓa ƙarfe. Ruwan ne ma ke raguwa ƙarfen ya ƙara kauri.

Ba da ruwa ta kwari ko ta gindin shuka maimakon watsawa a kan ganye, musamman a makon ƙarshe kafin yanka. Shimfiɗa ciyawa a kan kwami yana hana ƙasa fantsama. Kada ka wanke kaya ko ka yayyafa musu ruwan rafi don su yi kyan gani a kasuwa; wannan al'ada tana mayar da dattin da aka yi ta ƙoƙarin kaucewa a minti ɗaya. Wankewa da ruwa mai tsabta da feraye ɓawo da cire ganyen kabeji na waje suna rage dalma, amma kadmiyam da ya shiga cikin ganye ba ya wankuwa.

A wajen ƙasa, nemi awon tsami ya tsaya kusa da 6.5. Malamin gona zai faɗa maka adadin farar ƙasar da za ka zuba bayan gwaji, kuma a gauraya ta da ƙasa makonni kafin shuka. Tokar itacen girki ma tana taimakawa, ban da tokar bola. Ruɓaɓɓen takin dabbobi da ya nuna sosai yana ɗaure ƙarafa, yana kuma lafar da kuromiyam mai lamba shida, sai dai a riƙa ƙarawa kowace shekara, don idan ya ƙare abin da ya riƙe zai saku. Takin bola da ake sayowa daga gari a tsince batura da waya da gwangwani kafin a baza, idan kuma ƙonanne ne a bar shi. Kainuwa da kacala da suka tsiro a gurɓataccen rafi suna zuƙar ƙarfe, don haka kada a ba dabbobi, kada a yi taki da su.

Inda gwaji ya nuna ƙasa ta riga ta tara, sauya amfanin gona ya fi arha a kan komai. Tumatir da tattasai da attarugu da kuɓewa da yalo da masara ba sa kai ƙarfe cikin 'ya'yansu kamar yadda latas da alayyafo ke tarawa a ganye. Na san ganye ya fi saurin kawo kuɗi, mako huɗu ko biyar an yanka, kuma mai hayar fili a birni ba shi da tabbacin baɗi. Duk da haka ana iya raba gona: ganye a ɓangaren da ke shan ruwan rijiya ko na ramin kwantarwa, masu 'ya'ya a ɓangaren da ke kusa da rafi. Idan abin ya yi muni ƙwarai, furanni da dashen itatuwan ado suna da kasuwa a Legas da Abuja da Fatakwal, kuma ba a cin su.

Hana zubar da gubar tun daga tushe ya fi ƙarfin manomi ɗaya. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da ma'aikatun muhalli na jihohi su ke da alhakin sa ido a kan ruwan da masana'antu ke fitarwa. Ƙorafin ƙungiyar manoma mai ɗauke da kwanan wata da sakamakon gwaji ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Yadda ake kai samfur

Ku haɗa kuɗi a ƙungiyance, tun da ruwa ɗaya kuke sha. Yi amfani da robar ruwa mai tsabta, ban da gwangwani ko kwanon ƙarfe, ka ɗauraye ta sau uku da ruwan da za ka ɗiba, ka cika ta daga inda bakin tiyonka ke zuƙa. Rubuta wuri da rana da lokaci, ka ajiye a inuwa, ka kai a ranar. A ɗiba sau biyu aƙalla, a tsakiyar rani lokacin da ruwa ya ja baya, da kuma bayan ruwan farko. Na ƙasa kuwa, a tona wurare goma zuwa goma sha biyar a faɗin gona, zurfin santimita 20, a gauraya a roba, a ɗebi kamar rabin kilo. Ɓangaren da ambaliya ke hawa a ɗebi nasa dabam. Haɗa da damin ganyen da ya isa yanka.

A ɗakin gwaji kada ka tsaya a kan jimilla kawai. Nemi a auna maka narkakke dabam da jimilla a ruwa, a auna tsamin ƙasa da gishirinta, a kuma faɗa maka kason ƙarfen ƙasar da shuka ke iya ɗauka. Idan akwai majema ko wurin shafa wa ƙarfe ƙyalli a sama da gonarka, faɗa musu tun kafin ka ɗebo ruwan cewa kana son a auna kuromiyam mai lamba shida, domin yana iya sauya sifa a cikin roba idan ya kwana, kuma akwai yadda za su so a ɗebo shi.